Zan fara aikin katako a gida: injin zarto zan saya ko kayan hannu?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikacin ofis ne, na daɗe ina sha'awar aikin katako, ba don sana'a ba, don dai in riƙa ƙera 'yan kayan amfanin gida da hannuna a ranakun hutu. Abin da nake da shi yanzu zarton hannu ɗaya ne, guduma, tef, da injin huda mai batir. Na haɗa ɗan akwatin zuba littattafai, amma kusurwoyinsa sun ƙi haɗuwa. In na matse wannan gefe sai wancan ya buɗe baki, in an ajiye shi ƙasa kuma ya dinga rawa. Wani abokina ya ce laifin zarton hannu ne, in sayi injin zarto mai tebur komai zai miƙe. Kuɗin da na tara za su sayi injin, sai dai ba abin da zai rage. Wurin aikina kuma ɗan lungu ne a bayan ɗaki. Don Allah masana, ina zan sa kuɗin nan?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, a cikin kayan da ka lissafa ban ga sikwaya ba, wato ma'aunin nan mai siffar L da ake daidaita kusurwa da shi. To da me kake jan layin da kake bi? Akwatin nan tun kafin zarto ya taɓa katako ya karkace, kuma ko inji ka sayo, karkataccen layin zai bi maka, da sauri ma.

Nemi sikwaya mai kyau, ka gwada ta kafin ka amince mata. Kafa ta a gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, sannan ka kifa ta ɗaya ɓangaren ka sake ja daga wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna, lafiyarta ƙalau. In sun rabu, mayar wa mai ita.

Daga nan kowane katako ka zaɓi fuska ɗaya da gefe ɗaya mafi miƙewa, ka yi musu alama, duk awon da za ka yi daga can zai taso. Layin kuma da wuƙa mai kaifi za ka ja shi, ka zagaya fuskoki huɗu har ya dawo ya haɗu da inda ya fara. Fensir yana da kauri, wuƙa kuwa tana yanke zaren saman katakon, ta bar wa haƙoran zarto ɗan gurbin da za su zauna. Kada ka yanka a kan layi, ka yanka a gefen da za a yar, domin zarto cin katako yake yi: na hannu kusan milimita 1, ruwan inji kusan milimita 3. Mutum ya raba layi biyu nan, ya bar shi can, sai ka ga gefe ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo, yana ta zargin zarto.

Gefuna biyun da ya kamata su zo daidai, kada ka auna kowanne da tef. Yanka na farko, ka ɗora shi kan na biyu ka kwafa. In ka haɗa akwatin, kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, ka sake auna ɗayan. In awon biyu sun zo ɗaya, akwatinka ya tsayu.

Injiniya:
Baba, da girman kujerarka, ni ban yarda a ce sai mutum ya ƙware da zarton hannu kafin ya taɓa inji ba. Bawan Allah nan Asabar da Lahadi kawai yake da su. In ya share wata uku bai ga wani abu da ya gama ba, sha'awar za ta mutu. Ɗan'uwa, ɗan injin zarto na riƙewa a hannu ya ishe ka. Ka matse miƙaƙƙen katako a kan aikin ya zame maka jagora, ka bi da injin a jikinsa, yankan zai fito fes.

Amma mai tebur ɗin, a nan ni da Baba bakinmu ɗaya. Fallen filawud tsawonsa milimita 2440 ne, faɗinsa 1220. In za ka tsaga shi ta tsawo, kana buƙatar wannan tsawon a gaban ruwan zarto da kuma bayansa, wato fili kusan mita 5. Lungun bayan ɗaki ba zai ɗauka ba. Ga shi in katako ya matse ruwan zarton ta baya, injin kan cillo shi kan mai aiki kafin ƙiftawar ido, wani lokaci ya fizgi hannu zuwa ga haƙoran. Ba injin da mutum zai koya shi kaɗai ba ne.

Baba Kafinta:
Injiniya, ai shi jagoran naka ma da sikwaya za a saita shi. Mun dawo gida ke nan.

Mai Washi:
Ni abu ɗaya zan ƙara. Sayi cizal, wato kurfin fere katako, biyu ko uku da dutsen washi a rana ɗaya, don sabon cizal yawanci ba ya zuwa da kaifin aiki. Fara da goga bayansa a kan dutse har ya kwanta sumul, sannan bakin, wanda akan fere a digiri 25 a ƙarasa washi a wajen 30. Gwajinsa shi ne ka fere kan guntun katako mai laushi, wurin da zarto ya datse. In ya fitar da ɓawo siriri ya bar wurin yana sheƙi, ya yi. In yana murƙushe zaren, koma dutse. Dakusasshen cizal ya fi mai kaifi yanka mutum, saboda sai ka danna da ƙarfi ya kuɓuce. Hannuwanka biyu su kasance a bayan kaifin kullum, abin matsewa ne zai riƙe maka katakon. Shi ma sayi kamar huɗu, ba ya yawa.

Maman Biyu:
Tunda lungun a jikin ɗakin kwana yake, Malam, ka yi tunanin ƙura. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman a hanci. Wadda ba ka gani ita ce matsalar, kuma inji da samfefa su suka fi tayar da ita. Sa takunkumi na gaske mai tace ƙura da gilashin kare ido, ka yi guga a waje in da hali. Samfefa kuma bi da bi ake yi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 180, ana bin tsawon zaren katako.

Kada ka sa safar hannu ko riga mai yalwar hannu kusa da duk abin da ke juyawa, har injin hudar da kake da shi. Kuma in ka shafa wa aiki man linsid, wani mai da ake shafa wa katako don kare shi, kada ka dunƙule tsumman ka jefa kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe a waje har ya bushe ƙamas, ko ka tsoma shi a ruwa.

Sabon Hannu:
Allah Ya saka da alheri, na fasa mai tebur. Baba, na aro sikwaya na duba, yankana ya karkata kamar yadda ka ce. Amma na lura katakon gindin ma ya lanƙwashe ta faɗi, alhali a miƙe na sayo shi. Sannan akwai wanda zai ba ni tsofaffin katakon da ake ɗora kaya a kansu a sito, in koyi yanka da su. Ya halatta?

Baba Kafinta:
Ɗanye aka sayar maka. Katako yana shan laima yana fitarwa muddin yana nan, kuma ta faɗi yake motsi, ta tsawo kusan ba ya yi. Ƙa'idar da aka saba wajen busar da ɗanyen katako ita ce shekara guda a iska ga kowane inci ɗaya na kauri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko busasshe ka saya, jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya yi mako ɗaya ko biyu a wurin da za ka yi aikin kafin ka sa masa layi. Gindin akwatin dai ka sauya shi da filawud, shi bai cika motsi ba.

Na sito kuwa karɓi, amma duba hatimin da ke jikinsu. Mai HT da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba laifi. Mai MB hayaƙin magani mai guba aka yi masa, bar shi, haka duk wanda ka ga tabon mai ko sinadari a jikinsa. Ka zare ƙusoshin tas, ka bi da buroshi ka fitar da yashi kafin zartonka ya shiga, in ba haka ba haƙoransa za su tafi a yanka na farko.