Jimar ƙasa: kalmar da nake so mu duba tare

1/ Jama'a, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. A aikinmu na injiniyan hanya akwai abin da Bature ke kira "soil stabilisation". Na daɗe ina wannan aiki, amma ranar da aka ce in yi wa mutanen wani ƙauye na bakin fadamar Rima bayaninsa a ƙofar gidan mai gari, sai na rasa sunan da zan kira shi. Na yi ta kewaye, dattawa na ta gyaɗa kai don kara. Tun ranar abin ke cina. Ga inda na tsaya, ku duba mini.

2/ Bari mu fara da aikin kansa. Kowa ya san lakar fadama. Da rani ta bushe ta yi tauri, ta tsattsage har ka iya zura hannu. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta koma taɓo. Duk abin da ka ɗora a kanta, kwalta ne ko harsashin gini, haka zai yi ta hawa da sauka tare da ita har ya dare. Dabara biyu ce: ko a kwashe ta a yi ta jigilar burji a tifa daga nesa, ko a bar ta inda take a gauraya mata wani abu da zai canza mata hali. Ta biyun ce nake nema wa suna.

3/ Tun da can siminti ko ƙonanniyar farar ƙasa ake gaurayawa. Yanzu hankalin masu bincike ya karkata ga abin da masana'antu ke zubarwa, saboda siminti ya yi tsada, kuma wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga yin siminti take. Mu nan Sakkwato ba sai mun je nesa ba. Tun 1967 ake gasa siminti a Kalambaina, kuma kowane tanderun siminti yana fitar da ƙura mai ɗauke da farar ƙasa. Ga ɓuntun shinkafa: idan aka sheme buhu biyar na shanshera, kusan nauyin buhu ɗaya ɓuntu ne, ku kuwa dubi shinkafar da ake nomawa daga Goronyo da Wurno har Argungu. Ga kuma farin dagwalon nan na kabaid da masu walda ke juyewa a bayan rumfa, wanda a zahiri jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce.

4/ Yadda abin ke aiki shi ne zai nuna mana kalmar, don haka ku yi haƙuri da ni a nan. Idan dagwalon kabaid ya shiga laka, sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana sa ƙwayoyin lakar su dunƙule. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga danƙonta ya ragu, ta fara marmashewa a hannu. Wannan somin-taɓi ne. Tokar ɓuntu kuwa mafi yawanta silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, kuma tana aiki ne muddin ba a bar wuta ta yi mata yawa ba. Ita kaɗai ba ta kama komai. Amma idan ta haɗu da farar ƙasa da danshi, sai su haifar da irin danƙon da ke riƙe siminti, a hankali, cikin makonni. Shi ya sa muke gwada ƙarfin samfuri a kwana 7, mu sake a kwana 28. Rumawa sun yi gini da irin wannan haɗi, da tokar dutse mai aman wuta ta wajen Fozuwoli a Italiya. Abin lura: bayan wannan, ko ƙasar ta sake jiƙa ba ta komawa halinta na dā.

5/ To, kalmomin da aka saba ba ni. "Daidaita ƙasa" ita ce ta farko, kuma ba ta yi ba. Lebura zai ɗauka gireda za a kawo a baje tudu da kwari, mai sauraron rediyo kuma zai ɗauka maganar siyasa ce. "Ƙarfafa ƙasa" ma wannan matsala gare ta. "Inganta ƙasa" ta manoma ce, taki za su ji. "Daskarar da ƙasa" ta matso kusa, sai dai abin da ya daskare yana narkewa, mu kuwa abin da ba ya komawa muke nufi.

6/ Wani abokin aikina ya dage kan "daɓe". Ina son kalmar, tamu ce, amma tana da aikinta. Daɓe shi ne bugun ƙasa har iska ta fita ƙwayoyinta su matsu, abin da iyayenmu mata ke yi da maɗaɓi, rola kuma ke yi a kan hanya. Mu bar ta a nan. Ana iya daɓe laka ta yi kyau yau, ruwan Agusta ya zo ya kumbura ta. Idan muka kira ayyukan biyu da suna ɗaya, ɗan kwangila zai yi ɗaya ya karɓi kuɗin biyu.

7/ Kalmar da nake kawowa ita ce jima. Jimar ƙasa. A jeme ƙasa. Jemammiyar ƙasa.

8/ Ku dubi ɗanyar fatar akuya. Ka shanya ta, ta ƙandare kamar katako. Ruwa ya taɓa ta, ta saki ta fara ruɓa. Halin laka ke nan sak. Majemi ba ya jefar da ita ya nemo wata. Yana jiƙa ta a ruwan toka, ya tuje gashin, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya ba ta kwanakinta. Abin da zai fito jemammiyar fata ce. Fatar ce dai, amma ruwa da rana sun daina juya ta yadda suka ga dama, kuma jemammiyar fata ba ta sake zama ɗanya. Ban san wata kalmar Hausa da ta tattara waɗannan abubuwa uku ba: a sa wa abu magani, a jira, halinsa ya canza har abada. A garin jar akuya kuma, wanda fatarsa ta kai Maroko tun zamanin ayari, ba wanda zai tambaye ka mene ne jima.

9/ Na san inda za a kama ni. Jima tausasa fata take yi, mu kuma taurara ƙasa muke yi. Gaskiya ne, kuma shi ne raunin kalmar. Amsata ita ce, tauri ba shi ne maƙasudi ba, don busasshiyar laka ma tana da tauri. Abin da muke nema shi ne ƙasar da za ta tsaya a hali ɗaya rani da damina. Wasu kuma za su ce a rubuce za ta rikice da jima ta "sai an jima". Da baki tsawon wasali ya raba su, a rubuce kuma "jimar ƙasa" ba ta da wata ma'ana da za a ruɗe da ita.

10/ Saura rabi na biyu, wato abin da ake gaurayawa. A nan na fi damuwa, don kuskure a nan yana rushe gida. Idan muka ce "gyaran ƙasa da sharar masana'antu", mutum zai ji shara, ya tuna bola. Mun sha ganin an cike rami da bola an aza gini, bayan damina biyu bango ya tsage daga sama har ƙasa, saboda bola ruɓewa take yi tana zama. Kada kalmarmu ta zama hujjar wannan.

11/ Wani tsohon magini ne ya buɗe mini ido. Na yi masa bayanin tokar ɓuntu, ya saurara har na gama, sai ya ce: "Yaro, wanga abu ai ba baƙo ba ne. Mu da laso munka tashi." Na ce, "Baba, da me ake haɗa shi?" Ya lissafa mini: katsi, wato dagwalon da ke kwanta a gindin karofin marina, a kwashe a ƙona, gashin jima daga wurin majema, sai ruwan dafara, tsiron nan mai yauƙi. Da shi ake shafe soro da karofi ruwa ya kasa ratsawa. Ga kuma makuba ta ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da ita. Ashe marina da majema su ne masana'antun wancan zamani, magina kuma suna kwasar abin da suka rage suna gini da shi.

12/ Don haka nake ganin mu faɗaɗa katsi. Katsin masana'anta: ragowar da ta fito daga wani aiki, aka san abin da ke cikinta, aka gwada ta, tana da amfani a wani aikin. Ƙurar Kalambaina katsin siminti ce, dagwalon kabaid katsin walda ne. Abin da ba a gwada ba sunansa shara har sai an gwada. Wannan iyaka tana da muhimmanci. Dagwalon majemar zamani yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, ba a kai shi kusa da rijiya. Kashin narkar ƙarfe idan ba a bar shi ya daɗe a ajiye ba, kumbura yake yi a ƙarƙashin kwalta. Ƙasa mai yawan gishirin salfet kuma, idan aka sa mata farar ƙasa, tashi take yi maimakon ta kwanta. A kan katsi ban kai ƙarfin zuciyar da nake da shi a kan jima ba, don matasa da yawa ba su taɓa jin kalmar ba. Amma na fi son in koya wa yaro tsohuwar kalma da in bar shi da wadda za ta ɓatar da shi.

13/ Na gwada kalmar jima a wurin aiki. Na ce wa shugaban lebura, "Malam, wannan ƙasa jemammiya ce, kwana bakwai kada ta bushe, a yi ta yayyafi safe da yamma." A zafin Afrilu na Sakkwato wannan shi ne wurin da aiki ya fi lalacewa, don ruwan na ƙafewa kafin haɗin ya kama. Bai tambaye ni dalili ba. Cewa ya yi, "Ai ba a cire fata daga bagaruwa ran da anka sa ta."

14/ Malamanmu na Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da magina, da majema musamman: "jimar ƙasa da katsin masana'antu". Ta zauna a kunnenku? Mutanen Katsina da Kano da Zariya, ko katsi na da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata mana wannan?