Amfilifaya mai bawul: ta ina sabon shiga zai fara?

Nazifi: Assalamu alaikum, manyanmu na zaure. Sana'ata gyaran wayar hannu, hannuna ya saba da dalma, kuma na taɓa haɗa ƙananan amfilifaya, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, masu IC. Yanzu raina ya biya ga mai bawul, irin kwalaben nan da cikinsu ke ja idan an kunna. Ina so in haɗa da hannuna don sauraro a ɗaki, ba don taro ba. Kit zan sayo daga waje, wato kayan haɗi cikakku a kwali ɗaya, ko in tara kaya ɗaya-ɗaya? Kuma wane bawul ne ya dace da mai koyo?

Baba Lawal: Wa alaikumus salam, ɗana. Madalla da wannan niyya. Amma kafin a zo maganar bawul, bari in fara da abin da ya fi damuna. Wayar da kake gyarawa batirinta bai kai volt 5 ba. A nan kuwa, ƙaramar amfilifaya ma tana ɗauke da volt 250 zuwa 300, manya su haura 450. Kuma cire filogi ba ya kawar da haɗarin, domin manyan kondensa suna riƙe wuta bayan an kashe. Ka samu resista ta om 10,000 mai wat 5, ka ɗaura mata waya biyu masu maƙali, da ita za ka riƙa zubar da wutar kondensa. Bayan nan ka sa mita ka ga ta sauka ƙasa da volt 10, sannan ka kai yatsa. Kada ka gama ƙafafun kondensa da sukudireba. Idan kana awo wuta na kunne, baƙar wayar mita ka maƙale ta a jikin ƙarfen akwatin tun kafin ka kunna, jar kuma ka riƙe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ƙasa a bushe. Kada ka yi wannan aikin kai kaɗai a shago, kada ka yi shi kana jin barci.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma, Baba. Ƙari a kan wannan: a sa resista ta 220k mai wat 2 a kan kondensar farko, ta zauna a wurin dindindin. Ita za ta riƙa tsotse wutar a hankali duk lokacin da aka kashe. Amma da kondensa mai 100µF sai ta ɗauki kusan minti biyu, saboda haka awo da mita bai faɗi ba. Ka duba mitarka ma, Nazifi, ka tabbata an rubuta tana ɗaukar volt 600 ko fiye.

Nazifi: Na ji, Baba, na gode. Injiniya, tawa an rubuta 600. To wane zane zan bi?

Injiniya Bashir: EL84, guda ɗaya a kowane ɓangare, da ECC83 ɗaya a gaba yana tura su. ECC83 shi ne wanda Amurkawa ke kira 12AX7, kuma bawul biyu ne a kwalba ɗaya, sai rabi ya yi wa hagu aiki, rabi dama. Ka ga kwalba uku sun ba ka sitiriyo ke nan. Za ka samu wat 3 zuwa 4 mai tsabta a kowane ɓangare. Dalilina shi ne kayan ba su da yawa, har za ka iya haddace aikin kowace resista, kuma idan abu ya ƙi, wuraren nema kaɗan ne. EL84 ana ƙera shi har gobe: kamfanin JJ suna yi a Sulobakiya, akwai masana'anta a Saratov ta Rasha, akwai na Sin. Akwai kuma tsohon na Tarayyar Sobiyet mai lamba 6P14P, ƙafafunsu ɗaya, yana shiga gurbinsa kai tsaye.

In kana son zanen da aka daɗe ana gwadawa, nemi Mullard 3-3 na Ingila: EF86, EL84 da EZ80, wat 3. Kamfanin da kansa ya fitar da zanen don mutane su haɗa a gida su sayi bawul ɗinsa. Yayansa shi ne Mullard 5-10 na 1954, bawul biyar, wat 10, amma wannan ka bar shi ya zama aiki na biyu.

Sagir: Ni ina da ja a nan, Injiniya. Me zai hana ya fara da ƙananan allunan nan na Sin masu 6J1, da ke aiki da taransifomar volt 12? Araha ne, haɗarin kaɗan, yamma ɗaya ya gama. Ni da su na fara.

Malama Hadiza: Malam Sagir, ban ce ba su da amfani ba, amma ga wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba ne. Nazifi ya wuce nan. Waɗannan allunan ba sa tura lasifika, sai an haɗa su da wata amfilifaya, kuma ba za su koya masa abubuwan da ke da wuya a wannan fanni ba: wuta mai ƙarfi, taransifomar fita (wadda ke tsakanin bawul da lasifika), da korar gurnanin wuta daga sauti. Ina tare da Injiniya a kan EL84.

Abin da nake so ka fara yi, Nazifi, kafin ka kashe ko kwabo, shi ne ka sauke takardar bayanin EL84 ta Philips ko Mullard, kyauta take a intanet. A ciki za ka ga volt 250 a faranti (ƙarfen cikin bawul da babbar wuta ke shiga), miliamfiya 48, resistar katod (ɓangaren bawul da ake ɗumamawa) om 135, taransifoma mai om 5,200. Ka ninka 250 da 0.048, ka samu wat 12, wanda shi ne iyakar zafin da farantin bawul ɗin zai jure. Ranar da ka gama haɗi, wannan lissafin za ka maimaita da mita a hannu. A ce ka sa resista ta om 150, ka auna a kanta ka ga volt 7.2. Raba 7.2 da 150, ka samu miliamfiya 48, bawul yana cikin kwanciyar hankali. In ka ga volt 10 ko 11, kashe nan take, akwai matsala. Duk wanda ya iya wannan ɗan lissafin ya daina haɗi da ka. Littafin bawul na kamfanin RCA ma ana samunsa, babinsa na farko bayani ne mai sauƙi ga mai koyo.

Sagir: Na karɓa, Malama. Amma maganar kit fa? Ni dai ina ganin ya fi masa sauƙi.

Injiniya Bashir: Kit hanya ce mai kyau, kuma tsohuwa. Heathkit da Dynaco da ita suka shigar da ɗimbin Amurkawa wannan harka. Dynaco ST-70 na 1959, mai EL34 huɗu da wat 35 a kowane ɓangare, har yau ana haɗa irinsa. A yanzu Elekit na Japan suna da takardar umarni mai kyau ƙwarai, Bottlehead na Amurka kuma suna da wani na belun kunne mai suna Crack. Matsalarmu biyu ce. Ta farko nauyi: taransifoma ƙarfe ce da tagulla, kuɗin dako kan yi gogayya da kuɗin kayan. Ta biyu wuta: Amurka volt 120 ne da zagaye 60 (wato Hz, yawan juyawar wuta a daƙiƙa), Japan volt 100, mu kuwa 230 da zagaye 50. Duk kit ɗin da ba a rubuta 230 da 50 a jikin taransifomarsa ba, kada ka biya. Shawarata ita ce tsaka-tsaki: bawul, soket, kondensa da taransifomar fita daga waje, taransifomar wuta kuma a naɗa maka a gida.

Baba Lawal: To ga inda tsofaffi ke da abin faɗa. Kafin ka aika kuɗi waje, zaga wurin tsofaffin masu gyaran rediyo da masu gwangwan. Tsohon Grundig, Philips, Pye ko Bush mai akwatin katako, wanda aka jefar a lungu, sau da yawa EL84 ne a cikinsa tare da taransifomarsa ta fita, kuma ƙirar da ce mai ƙwari. In ka samu biyu iri ɗaya ka yi sa'a. In ɗaya ka samu, haɗa mai ɓangare ɗaya tukuna, da rarrafe yaro kan tashi.

Amma ka karanta lambobin bawul kafin ka taɓa komai. Wanda ya fara da E, hitarsa, wato zaren da ke ɗumama shi, volt 6.3 ce, yawanci akwai taransifomar wuta a rediyon. Wanda ya fara da U, kamar UL84 ko UCH81, rediyon ba shi da taransifomar wuta, jikin ƙarfensa yana haɗe da wutar bango kai tsaye. Wannan kada ka kunna shi ko don gwaji. Masu P, irin PCL82 da PCL86, daga tsofaffin talabijin suke, suna da daɗin sauti, sai dai hitarsu ba 6.3 ba ce. Akwai kuma wasu Philips masu EL86 da lasifika ta om 800, waɗannan ba za ka samu taransifomar fita a cikinsu ba. Tsofaffin kondensa na takarda kuwa duk ka zubar. Suna yoyon wuta, su ne ke sa farantin bawul ya yi jajur ya mutu.

Nazifi: Allah ya saka da alheri, Baba. In na samu tsohuwar taransifomar fita ba rubutu a jikinta, ta yaya zan san ta dace?

Malama Hadiza: Ka samu ƙaramar taransifoma mai ba da volt 12 na AC. Ka sa shi a ɓangaren siririyar waya, wato na bawul, ka auna abin da ya fito a ɓangaren kakkaurar waya, na lasifika. In ka ga kusan volt 0.48, raba 12 da shi, ka samu 25. Ninka 25 da 25, 625 ke nan. Ninka shi da om ɗin lasifikarka: da mai om 8 ka samu 5,000, daidai da buƙatar EL84. In rabon ya kai wajen 35, to an yi ta ne don lasifika mai om 4.

Mamman: Sannunku da hira, daga Maraɗi nake bin ku. Tambayata ga Injiniya: me ya sa ba za a ba mai naɗin koyil ya naɗa taransifomar fita ba? Muna da gwanaye.

Injiniya Bashir: Gwanaye kam akwai su, Malam Mamman, amma aikin ya bambanta da wanda suka saba. Taransifomar wuta zagaye 50 kaɗai take ɗauka. Ta fita kuwa za ta ɗauki sauti tun daga ƙugin ganga har zuwa mafi siririn amo. In aka naɗa ta yadda aka saba, ɓangare ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, siririn sauti ya tafi. Sai an yi ta hawa-hawa, a naɗa wani kaso na siririyar waya, a sa kakkaura, a koma siririya. Sannan a irin zanenmu mai bawul ɗaya, wutar DC tana ratsa ta kullum, dole a bar 'yar tazara a ƙarfen, in ba haka ba ƙarfen ya ƙoshi, ƙugin ya dagule. Shi ya sa na ce in akwai wurin da za a zuba kuɗi, nan ne. Bawul mai araha da taransifoma mai kyau ya fi bawul mai tsada da taransifoma ta banza nesa ba kusa ba. Hammond na Kanada suna da 125ESE, mai ƙafafu da yawa da za ka zaɓi om ɗin da kake so. Edcor na Amurka ma suna yi.

Baba Lawal: Ban ƙi taka ba, Injiniya, amma kada mu raina na gida. In ka zauna kusa da mai naɗin, ka ba shi adadin zagayen waya, ka ce ya jera ƙarafan taransifomar masu siffar E duka a gefe ɗaya, masu I a ɗaya gefen, ya sa siririyar takarda a tsakani, zai yi. Ta farko ba lalle ta gamsar ba, ta biyu za ta fi. Haka hannu ke faɗawa.

Sagir: Kada a manta da lasifika. Wat 3 a kan lasifika mai nauyin motsi ba zai burge ka ba, Nazifi. Nemi mai 90 dB zuwa sama, dB shi ne ma'aunin ƙara. Kowane dB 3 daidai yake da ninka wat, saboda haka mai 94 a kan wat 3 tana ba da ƙarar da mai 88 ke buƙatar wat 12 kafin ta bayar. Kuma kada ka taɓa kunna amfilifayar ba lasifika a jone, taransifomar fita na iya ƙonewa daga ciki.

Mamman: Ni abin da zan ƙara na yanayinmu ne. Janareta da wutar gari mai hawa da sauka suna gajarta ran bawul, domin hita ba ta son wuce 6.3 da yawa. A sa sitabilaiza. Ga zafi da ƙurar hunturu: kondensa a sayi masu 105°C, a nisanta su da EL84, a huda akwati sama da ƙasa. Masu sola kuma su sani tana jan wajen wat 50 ko ana sauraro ko ba a yi.

Nazifi: Na rubuta duka. To taransifomar wutar me zan ce wa mai naɗi?

Injiniya Bashir: Shiga volt 230. Fita biyu: volt 200 mai miliamfiya 200, wanda bayan dayod huɗu da tacewa zai ba ka kusan 250, sai volt 6.3 mai amfiya 3, tunda kowane EL84 yana cin 0.76, ECC83 kuma 0.3. Filogi mai ƙafa uku, wayar ƙasa a ɗaure da kusoshi a jikin ƙarfen, fis a kan wayar wuta. Wajen jeri, taransifomar wuta a wani gefe, ƙofar shigar sauti a ɗaya gefen, kuma a juya ta fita ta gicciye wa ta wuta. Wayoyin hita biyu ka murɗe su tare sosai, ka kwantar da su a kusurwar akwati, ka sa resista biyu na om 100 daga kowace zuwa ƙasa. Rabin gurnanin da sababbin shiga ke kuka da shi daga nan yake.

Baba Lawal: Saura kunnawar farko. Ka nemi kwan fitila na da, mai zare a ciki, wat 60, ka jona shi a jere da wayar wuta kafin ta shiga amfilifaya. Na LED ba ya wannan aikin. Fara kunnawa ba bawul a soket, ka auna 6.3 da babbar wutar, ka kashe, ka zubar da wutar kondensa. Sannan ka sa bawul, ka jona lasifika, ka sake kunnawa. Kwan zai yi haske farat ɗaya ya dushe, wannan lafiya ce. In ya tsaya da haske sosai, akwai wayoyin da suka haɗu, kuma kwan ya tare ɓarnar. In komai ya yi daidai, cire kwan daga layi, ka auna volt na katod da na faranti a kowane EL84, ka turo mana lambobin tare da hoton ƙarƙashin akwatin kafin ka rufe.

Nazifi: In sha Allahu, Baba. Gobe zan fara da zagayen masu tsofaffin rediyo a Sabon Gari. Malama, in na samu taransifomar zan turo awon ki duba mini.

Malama Hadiza: Turo, Allah ya ba da sa'a. Ka haɗa da awon om na ɓangaren siririyar wayar, mu tabbata ba ta tsinke a ciki ba.