Nassarawa: nasarar yaƙi ce ko Nasara Turawa?

Ɗan Kurna: Jama'a, yau na ga wulaƙanci. Na kai ɗinki wani gida a Nassarawa GRA, unguwar manya a Kano, maigadi ya shanya ni a rana fiye da awa guda, karnuka na ta haushi, ko ruwa babu. Can wata yarinya ta leƙo ta ƙaramar ƙofa ta karɓe kayan, wai Hajiya na barci, cikon kuɗina sai gobe. Ba mamaki, unguwar Nasara ce tun asali, sunan ma ya nuna.

Malam na Gwale: Sai haƙuri, amma gyara zancenka. Nasara ce ta cin galaba. Gidan sarki na wurin tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, su ne ma suka zo suka sauka a cikinsa.

Ɗan Kurna: To Gidan Ɗan Hausa fa, Malam? Ba a nan Bature Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909 ba? GRA ɗin wa aka keɓe wa, ni ko kai?

Malam na Gwale: Baƙo ya sauka a gidanka, sai gidan ya koma sunansa? Jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro a 1996, daga garin da Makama Dogo ya kafa ta samo suna. Shi ma Bature ne?

Baffan Fagge: Waccan "s" ɗaya ce, tamu biyu. Ba ɗaya ba ne.

Maman Ikram: Baffa, don Allah! Mai rubuta allon titi ne zai koya mana tarihi?

Baffan Fagge: Ke da kika zo Kano da aure jiya? Kakana dakon gyaɗa ya yi a tashar jirgi. Da guminsu Turawa da Kwarori suka yi arzikin da aka shuka itatuwan GRA. Yanzu 'yan kasuwar Kwari da 'yan kasuwar Singa sun saye, ana rushe gidajen ana dasa filaza.

Maman Ikram: Shekarata 19 a Kano. Kuma ɗan Fagge ne zai yi wa wani gori? Kai ma ai bayan badala kake.

Sai Mai Martaba: Ku dai ku iya bakinku, a gidan sarki na Nassarawa aka binne Ado Bayero a 2014. Kuma sarki na ciki.

Jar Hula: Wane sarkin? Sarki na Gidan Rumfa.

Ɗan Kurna: Ni fa dubu bakwai ɗina nake magana.

Shugaban zaure: An rufe, tunda an shigo da sarauta. Abin da aka tsayar: sunan daga nasara yake, kamar yadda Malam ya kawo hujja, mu 'yan birni dama mun sani. Maganar "s" biyu shirme ce. Baffa ya bai wa Maman Ikram haƙuri. Tela kuma ya daina kai kaya da tsakar rana.