An ce in riƙe shugabancin kwamitin unguwa, amma jikina rawa yake a gaban manya

Malamin_Firamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Shugaban kwamitin unguwarmu ya tashi, dattawa sun zauna a ƙofar gidan mai unguwa sun ce ni suke so in gaje shi. Kwamitin ne ke karɓar kuɗin 'yan sintiri gida-gida, shi ke kula da rijiyar burtsatse, shi ke zuwa ofishin wuta in taransifoma ta lalace. Lissafi ba ya ba ni tsoro, dama ni ke rubuta musu rasit. Matsalata magana ce. A aji ina tsayawa gaban yara ba ko ɗar, amma da na miƙe gaban abokan mahaifina sai yawun bakina ya ƙafe, takardar hannuna ta kama karkarwa. Cikin kwamitin akwai Alhajin da ya ɗauke ni ina jariri, kuma shi ne kan gaba wajen ƙin biyan kuɗin sintiri. Da wane ido zan dube shi in ce ya biya? Ran Juma'a bayan la'asar suke jiran amsata. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan ya faɗa mini: ƙarfin gwiwar yana zuwa daga baya, ko kuwa wanda ba shi da shi tun farko ya haƙura?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumussalam. Karɓa kawai Malam, lokacin matasa ne. Nawa ne albashin?

Maman_Khadija:
Ka nemi wanda ya iya lissafi ya taimaka maka, ku buɗe asusu a banki mai sa hannun mutum uku.

Malamin_Firamare:
Babu albashi ɗan'uwa, aikin Allah ne. Hajiya na gode, lissafin ba shi ne damuwar ba.

Tsohon_Ciyaman:
Yaro, ji maganar wanda ya zauna a kujerar. Ni ba a fi ni baki ba, ko gaban hakimi sai in faɗi abin da ke raina. Me ya hana ni shan wuya? Taransifomarmu ta ƙone ana tsakiyar zafi, ga azumi. Muka yanka wa kowane gida 5,000. Masu kantuna da injin markaɗe, waɗanda suka fi kowa shan wutar, su suka fara cewa sai sun ga wuta tukuna. Na bi gidaje da ƙafata, wani ya leƙo ta taga ya aiko yaro ya ce ba ya nan. Kuɗi suka gaza, na sayar da ragon da nake kiwo na cika. Gyara ya ci miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ranar da wuta ta dawo yara har da ihu a layi. Ba a yi wata ba, wani da ko sisi bai bayar ba ya tashi bayan sallar isha'i, a gaban jama'a, ya ce in faɗi inda na samu kuɗin fentin gidana. Fentin da ƙanina ya saya mini! Mai ɗakina ta daina shiga gidan biki a layin, 'yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka wai an ce mata 'yar ɓarawo. Dattawan da suka roƙe ni in karɓa, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Babba juji ne, sun ce, in yi haƙuri. Kar ka karɓa.

Injiniya_Zariya:
Baba Allah ya saka maka. Amma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ya yi yawa, mu dubu ɗari bakwai muka biya har da sabon mai.

Ɗan_Fagge:
Namu dubu ɗari huɗu da hamsin.

Tsohon_Ciyaman:
To ga shi nan, kun fara irin tasu. Kun tambayi girmanta? Kun tambayi shekarar? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 wane kaya ne ya tsaya a kuɗinsa?

Abu_Sumayya:
Mu koma kan tambayar bawan Allah. Annabi (SAW) ya gargaɗi Abdurrahman bin Samura kada ya nemi shugabanci, ya ce wanda aka ba shi ba tare da ya roƙa ba za a taimake shi a kai. Kai ba ka nema ba, biyo ka aka yi. Da Abu Zarr ya nemi a ba shi aiki, an gaya masa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne. Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: rauninka a harshe yake ko a zuciya? In a harshe ne, Annabi Musa (AS) ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna don ya fi shi fasahar magana, kuma a haka ya je gaban Fir'auna. In kuwa ka san ranar da Alhajin nan ya haɗe rai za ka goge sunansa daga masu bashi, to ka bar musu kujerarsu. Ka yi istihara.

Tsohon_Ciyaman:
Akaramakallahu, karatu gaskiya ne. Amma ka taɓa bin gidaje karɓar kuɗi?

Uwar_Adashe:
Ni na bi, har yanzu ina bi. Malam, farkon da aka ba ni ƙungiyar matan layinmu, in zan yi magana sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya taimake ni: ba na zuwa taro sai da abu biyu ko uku a rubuce, in karanta, in zauna. Ban taɓa kiran sunan wadda ba ta biya ba. Sunayen waɗanda suka biya nake karantawa, a hankali, kowa yana ji, ita da kanta za ta aiko kafin wani makon. Shi kuma Alhajinka kar ka tare shi a taro. Je ka gidansa da safe, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba ku kuka ɗora mini wannan kaya, ina so sunanka ya zama na farko a takarda don yara su gani. Dattijon arziki ba zai bari ka fita hannu rabbana ba. Duk wata ka liƙa lissafi a bangon masallaci. Mutumin da takardarsa take a fili, ko muryarsa na rawa ana sauraronsa. Rawar ma tana raguwa in ka saba.

Sarkin_Yaƙi:
Hajiya adashen mata daban, rikicin maza daban.

Uwar_Adashe:
Kuɗin da ke bi ta hannuna a wata ya fi na sintirin unguwarku. Gambo Sawaba mace ce, ta sha ɗauri a kan siyasa lokacin da maza da yawa ke laɓe a zaure.

Injiniya_Zariya:
Hajiya ta gama magana. Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne, yana da kusan shekara 30 aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma sarakuna ya tunkara.

Sarkin_Yaƙi:
Malam Aminu tun yana ɗalibi ba ya shakkar kowa. Wannan kuwa da bakinsa ya ce yana karkarwa.

Ɗan_Fagge:
Malam sa babbar riga kawai, ba mai ganin rawar hannu a ciki 😂

Injiniya_Zariya:
Ni abin da ke ci mini rai ma, me ya sa muke tara kuɗin nan? Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da gyaranta da turakun wuta ba nauyin mai shan wuta ba ne, na kamfani ne. Mu saya, ta zama kayansu, su kawo mana bil.

Maman_Khadija:
Wallahi kuwa. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka ce za a ba su wuta sa'a 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit, layinmu kuɗin kawai muka gani. Ƙanƙarar da nake sayarwa sai ta narke a firiza.

Ba_Maraɗe:
Ku gode wa Allah. Mu nan Maraɗi da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 2023, sai da muka san darajar fitilar caji.

Malamin_Firamare:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Hajiya, in na je gidan Alhajin ya ce in dawo gobe fa?

Tsohon_Ciyaman:
Zai ce. Nawa ma haka suka yi ta ce mini.

Maman_Khadija:
Injiniya don Allah, mitar kati nawa take yanzu? Wani ya ce mini kyauta ake rabawa, maƙwabcina kuma ya ce sama da dubu ɗari ya biya, har yau ba a zo an ɗaura masa ba.