Ƙarin ruwan ketamine don ciwon da ya ƙi jin magani, wa ya san shi?

Yayan Ummi:
Salam jama'a. Dan Allah shawara nake nema akan ƙanwata, sikila ce, shekararta 26. Da can ciwon tashi yake ya kwanta, yawanci lokacin sanyi, amma yanzu kusan shekara biyu kenan kullum a cikinsa take, ƙugu da baya da ƙafar hagu, ko barci sai an tara mata filo uku ta jingina. Penta ɗin (allurar kashe zafi) da ake mata tun tana sakandare ya daina mata komai, in an yi ko awa ɗaya ba a rufawa ciwon ya dawo, cinyoyinta duk sun yi tauri saboda allura har gyambo ya fito a guda.

Satin da ya wuce aka bamu gado, sai wani likita cikin masu sa barci a tiyata ya zo ya duba ta, yace akwai yiwuwar a sa mata ketamine cikin ƙarin ruwa kaɗan kaɗan. Ni kuma da na duba a waya sai naga wai shi ya kashe wani ɗan fim a Amurka, wasu ma cewa suke maganin dawaki ne. Hajiyarmu tace sam ba za'a mayar mata da 'ya 'yar ƙwaya ba. Akwai wanda ya taɓa yi?

Nas ɗin Tiyata:
Wa alaikumus salam, Allah ya bata lafiya. Yaya ka kwantar da hankalin Hajiya, ketamine ba baƙon abu bane, shekarata 11 a ɗakin tiyata kuma da wuya sati ya wuce ban buɗe kwalbarsa ba. Tun 1970 Amurka ta amince dashi a matsayin maganin sa barci, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a ƙananan asibitocinmu dashi ake yin aiki da yawa don baya danne numfashi kamar sauran kuma baya faɗar da jini. Eh likitocin dabbobi ma suna amfani dashi, to ai suma dabbobin ana basu maganin tsutsa, bai sa mun daina sha ba.

Wanda ake nufi a nan ba na barci bane, ɗan kaɗan ne ake sakin shi a hankali ta jijiya, mara lafiya idonta biyu. Hanyarsa daban da ta penta da tramadol da mofin. In ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa sai su zama kamar lasifikar da aka ƙure wa murya, abu kaɗan sai ihu. Shi ketamine yana toshe wata kafa da ake kira NMDA, ita ce ke ƙure muryar. A 2020 ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta bada shawarar a iya ƙara shi ga mai sikila da ke kwance a asibiti in su mofin sun kasa. Amma ka lura, wannan na lokacin da ciwo ya taso ne, ba wai ya kawar da na kullum ba.

Maganar ɗan fim ɗin, Matthew Perry, ya rasu a Oktoban 2023, kuma ketamine ɗin da ya kashe shi a bayan fage ake sayo masa ana yi masa a gida ba mai lura, aka tsince shi cikin ruwan wanka. Har likitoci aka gurfanar a kan lamarin.

Anti Balki:
Ni an taɓa min, a nan Ingila nake zaune. Nawa ba sikila bane, faɗuwa nayi a ƙanƙara na karye a wuyan hannu, ƙashi ya ɗinke amma hannun ya ƙi daina zafi, kamar an zuba min tafasasshen mai, ko hannun riga ya taɓa sai na yi ƙara, ga kumburi ga fatar tana sauya kala. CRPS suke kiranshi. Bayan an gwada ƙwayoyi iri iri ne aka sa min ruwan.

Bari in gaya maka yadda yake don kar ku tsorata. Minti kaɗan da farawa naji kamar an zare ni daga jikina, ina kallon hannuna akan gado amma kamar na wata ne, agogon bango yana nisa yana dawowa, muryar nas kamar daga cikin rijiya. Nayi ta salati wallahi, mijina yace har sunan kakata da ta rasu na dinga kira. Suka ƙara min wata allura ta kwantar da hankali sai abin ya lafa, amma na yi amai sau biyu kuma ranar ko tafiya sai da aka riƙe ni. Na'urar awon jini na ɗaure a damtsena tun farko har ƙarshe.

Sauƙi kam na samu, ranar da na iya tuƙa tuwo da hannun nan sai da nayi kuka. Amma bayan wata biyu zafin ya fara lallaɓowa. Likitan dama bai ɓoye min ba, yace a binciken da aka yi a Holan a 2009 akan mutum 60 masu irin ciwona, sauƙin bai wuce kamar sati 11 ba. Abin da yace inyi da wannan sararin shi ne gashin hannu da motsa shi, kuma gaskiya shi ya fi min amfani daga baya.

Dan Kasuwar Rimi:
Nidai tambayata ɗaya, an ɗauki hoton ƙugun nan kuwa? Yayana sikila ne, haka yayi ta fama ana ta banka masa allura ashe kan ƙashin cinyar ne ya mutu saboda jini baya kaiwa wurin, sai da aka yi aiki aka sauya shi. Irin wannan ko tankar ketamine aka ɗura mata ƙashin na nan yadda yake. Kuma dan Allah kar wani ɗan kemis yace zai zo gida ya sa mata, irinsu ne suka ɓata wa yayana cinya da penta.

Nas ɗin Tiyata:
Malam ka yi gaskiya. A gida kam a'a, don yana hawar da jini da bugun zuciya, shi yasa ba'a cika sa wa mai hawan jinin da bai daidaitu ba, ko mai ciwon zuciya, mai ciki, ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali. In za'a maimaita sai an duba hanta, ita kuma mai sikila dama hantarta na shan wahala. Masu ɗirkarsa kullum don maye mafitsararsu ce ke lalacewa, fitsari kowane minti har da jini. Kuma Yaya ku faɗa wa likitan gaskiyar yawan penta da take yi a rana, kar kunya ta sa ku rage, don yanke shi ma sai da tsari.

Yayan Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hoton ƙugu rabonmu dashi tun tana aji uku a jami'a, gobe in sun zo zagaye zan tambaya. Na karanta wa Hajiya na Anti Balki, tace in dai za'a barta ta zauna a gefen gadon tana mata addu'a to ta yarda. Sista, ana barin mai jinya a ciki lokacin da ruwan ke tafiya?