Saitin had disk ɗina yana komawa gidan jiya duk sanda na kunna laftof

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Tsohuwar laftof ce na saya a Farm Centre na ɗora mata Ubuntu (wani nau'in Linux, madadin Windows), to had disk ɗin sai ya dinga wani ƙas ƙas kamar agogon bango, musamman da daddare in gari yayi tsit har hana ni karatu yake. Wani ya ce min allurar da ke karanta faifan ce take komawa ta kwanta don tattalin batir, na buga umarnin hdparm -B 254 /dev/sda don hana allurar kwanciya, ƙarar ta ɗauke ɗif, amma ina kashewa in kunna sai in tarar saitin ya koma 128, wanda ke barin allurar ta kwanta, kamar ban taɓa komai ba. Ya zan yi ya zauna?

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ai wannan umarnin baya zama, disk ɗin mantawa yake da zarar wuta ta bar jikinsa. Buɗe /etc/hdparm.conf ka saka apm = 254 da apm_battery = 254 a ƙarƙashin sunan disk ɗin. Kuma kar ka rubuta sda, ɗauko cikakken sunansa daga /dev/disk/by-id, don wata rana in ka kunna da filasha a jiki harufan na iya sauyawa.

Maman Hanif:
Ƙanina duba lamba 193 da smartctl (manhajar duba lafiyar disk), lambar ce ke ƙirga sau nawa allurar ta kwanta. Yawancin disk na laftof kwanciya wajen sau 600,000 aka yi su su jure, tawa sai da ta kusa nan kafin na farga, lokacin hotunan bikin ƙanwata ne a ciki wallahi ban yi barci ba ranar.

Ɗan Kurna:
Injiniya na yi yadda ka ce, ya zauna da na kunna, amma ana ɗauke wuta ƙas ƙas ɗin ya dawo!

Injiniya Sabon Gari:
To ashe TLP ne a kanta, wato manhajar tattalin batir, shi ne ke mayar da shi 128 da zarar ta koma kan batir, ga mu a garin da wutar ke zuwa tana tafiya sau goma a wuni. Shiga /etc/tlp.conf ka mai da DISK_APM_LEVEL_ON_BAT zuwa 254. Batirin zai ɗan fi saurin ƙarewa fa, kuma kar ka dinga jijjiga ta tana kunne.

Ɗan Kurna:
Shi ne kuwa. Yanzu haka babu wuta a layinmu kuma shiru kake ji, sai janareton maƙwabta. Allah ya saka da alheri yallaɓai.