Ƙugin wuta a rikodin jita: wai manhaja yaudara ce

Mai Jita: Jama'a na gaji wallahi. Duk kiɗan da na ɗauka a ɗaki sai na ji "zzzz" a ƙarƙashinsa. Jitata ta lantarki Stratocaster ce ta kamfanin Fender, orijina, kebul sabo fil. Na sa manhajar cire hayaniya, ƙugin ya ragu amma sautin ya koma kamar daga cikin rijiya. Ni dai na ce manhajojin nan yaudara ce. Mai ja ya kawo hujja.

Injiniya: Ɗan uwa, matsa mata ka yi da yawa. Wutarmu 50 Hz take bugawa, wato sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, shi ya sa saitin da kuke kwafowa a YouTube ba ya ci. Ka yanke 50, 100 da 150 siriri a ikwalaiza, wato abin daidaita sauti. Tsirkiyar E mai kauri a 82 take, yankan 50 ba zai taɓa ta ba. Amma kafin nan zare cajar laftof ka ɗauka da batir, ka kashe doguwar fitila, ka riƙa juyawa da jitar har ka sami inda ya lafa.

Ɗan Kasuwa: Tsaya tukuna. Orijina? Nawa ka saya?

Mai Jita: Ina ruwan kuɗi da tambayata?

Ɗan Kasuwa: Da ruwa mana. Turo hoton kan jitar mu ga lamba. Na rantse Squier ce aka kankare.

Baban Yara: To Squier ɗin ai ta kamfanin Fender ce. Ita ma orijina ce a gidansu.

Ɗan Kasuwa: Baba da girmanka? Orijina ba ta ƙugi, magana ta ƙare.

Injiniya: Tana yi. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, in mai naɗi ɗaya ce irin ta Stratocaster, ko ta wane gari ce, sai ta zuƙo ƙugin wuta. Dalilin da ya sa Seth Lover ya ƙera wa Gibson humbucker ke nan, naɗi biyu masu kashe ƙugin juna, aka sa wa jitarsu Les Paul a 1957. Mai Jita, gwada sauya makunnin zaɓen fikof zuwa matsayi na 2 ko na 4.

Ɗan Agadas: Mu nan da inji ake kiɗan biki, ba wanda ya taɓa kuka da ƙugi. Ku dai kun cika tsirfa.

Baban Yara: Biki daban, rikodi daban. Kada ka mayar da ita ta Nijar da Najeriya.

Ɗan Agadas: Ni na ambaci ƙasa? Kai ka kawo.

Ɗan Kasuwa: A karya ƙafar filogi ta uku kawai, wani yarona ya yi, shiru kake ji.

Injiniya: Kul! Wannan ƙafar ce wayar ƙasa. Amfilifaya ta samu matsala, wutar ta tsirkiya za ta bi ta shiga hannunka.

Mai Jita: Hoton ba zan turo ba. Ba bashin kowa na ci ba.

Ɗan Kasuwa: Kun gani ko?

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: Stratocaster ba jitar ɗaukar rikodi a gida ba ce, Injiniya da bakinsa ya tabbatar. Mai son sauti tsaf ya nemi Les Paul, irin wadda nake kaɗawa. Maganar orijina kuma, tunda hoto bai zo ba, kowa ya san amsa. Na rufe.